Tashar Bayan Masaƙa

A hawa na uku na ofishin sufurin birni akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, wanda taswirar gari ta cinye bangonsa guda tun daga sama har ƙasa. Nan Injiniya yake zama. Shekara bakwai ke nan yana jan layi a kan taswirar nan, ja da shuɗi da kore, kuma duk inda ya ja, nan motocin bas na gari za su bi, ko suna so ko ba sa so. Shi kansa rabonsa da shiga bas tun yana ɗalibi. Yana da 'yar farar motarsa da gurbin ajiye ta a gindin bishiya, har mai gadi ya san ba a tare masa wurin.

Bas mai lamba goma sha huɗu ita ta fi ba ofishin ciwon kai. Daga ƙarshen gari take tasowa ta ƙare a babban asibiti, tana tsayawa a tasha arba'in da ɗaya, tafiyar sa'a guda da minti ashirin in an yi sa'a. Fasinjoji sun laƙaba mata suna Sai Gobe. Injiniya ya zauna mata wata biyu cur. Aka ɗauko wani kamfani ya ƙirga masu hawa da sauka a kowace tasha, aka kawo masa takardu, ya bi su da jan biro ya soke tasha tara, ya miƙar da hanyar. Tafiya ta dawo minti hamsin. Darakta ya tara ma'aikata ya dafa kafaɗarsa, ya ce irin wannan kai ake nema, aka maƙala hotonsa a allon sanarwa kusa da matakala.

A cikin tashoshin nan tara akwai ta bayan tsohuwar masaƙa. Takarda ta ce mutum goma sha ɗaya ne ke hawa a nan a yini. Biron Injiniya ya ɗan tsaya a kanta, domin a unguwar aka haife shi, kuma yayarsa tana can har yanzu. Ta girme shi da shekara goma sha huɗu. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, da aikin wanki da guga a babban asibiti ta kai shi har jami'a. Sai ya ce a ransa, ai asibiti na da motar kwasar ma'aikata. Bai ɗaga waya ya tambaya ba, ya ja layi ya wuce ta gaba.

Ba wai ya yar da ita ba ne. Duk ƙarshen mako yakan kira.

"Yaya, kuna lafiya?"

"Lafiya lau, Auta. Ya yaran?"

Minti biyu an gama. Zuwa ne dai ya yi wuya, kullum aiki, kullum sai wani satin, har shekara ta zagayo bai taka unguwar ba.

Bayan wata huɗu da sauya hanyar, ƙa'ida ta ce a kira taron jin ra'ayin jama'a. Aka ari ɗakin taron wata makaranta ranar Asabar da hantsi. Aka jera wa manya tebur da farin ƙyalle da ruwan roba, jama'a kuma suka cika kujerun ɗalibai har wasu na tsaye a bakin taga. Injiniya ya haska taswira a bango, ya yi bayani tiryan-tiryan: ga tsohuwar hanya kamar igiyar da ta harɗe, ga sabuwa sambal. Ya faɗi mintocin da aka rage. 'Yan tebur suka tafa, wasu ɗalibai da ke zaune a ƙarshen gari su ma suka tafa, don su kam gyaran ya yi musu rana.

Aka ba jama'a dama. Wani ya yi ƙorafin kujerun bas, wata ta ce kwandastoci ba su da ladabi. Injiniya yana rubutawa yana gyaɗa kai, hankalinsa rabi na kan agogo. Sai aka miƙa abin magana can baya, inda wasu mata suka haɗa kai suna tura ɗaya daga cikinsu ta tashi. Ta miƙe a hankali, tana dogara sanda.

Sandar ya fara gani, domin bai san ta da ita ba. Sannan ya ga fuskar. Yayarsa ce.

"Ni ban iya karatun zane ba," in ji Yaya, muryarta a kwance. "Na dai ga layin ya miƙe ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma ni ƙarfe shida nake kama aiki. Da, in na fito daga gida, kafin in gama gaisawa da maƙwabta na isa tasha. Yanzu sai na zaga bayan masaƙa, na hau gadar ƙafa, na sauko, na tsallaka babban titi. Rabin sa'a ne ga mai ƙafa biyu, ni kuwa ɗaya da rabi gare ni."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Shekara ashirin da shida ina aiki ba a taɓa rubuta mini takardar makara ba. A wata huɗun nan an rubuta mini uku. Abin da matan unguwarmu suka aiko ni in faɗa ke nan."

Ba ta dube shi ba ko sau ɗaya. Darakta ya karkato ya raɗa masa, "Injiniya, sallami matar nan, lokaci na tafiya."

Ya miƙe. Ɗakin ya yi masa faɗi. Ga Darakta a damansa, ga wakilan majalisar birni a hagunsa, ga mai ɗaukar hoto ya saita shi. Can baya kuma ga matar da ta sha goya shi zuwa asibiti, da tsohon mayafinta da sandarta. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi kansa bai shirya shi ba.

"Malama," ya ce, "mun ji kokenki. Sai dai alƙaluma sun nuna mutum goma sha ɗaya kacal ke hawa a wannan tasha a yini."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Ba fushi a idonta, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

"Goma sha ɗaya," ta maimaita. "Ƙarfe nawa aka ƙirga mu, yallaɓai?"

Ya sunkuya yana juya takardu. Amsar na nan a shafin farko, a ƙananan baƙaƙe, inda bai taɓa tsayawa ya karanta ba.

"Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma."

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wani ya ɗaga murya daga bakin taga, "Ƙarfe takwas? Ai a unguwarmu ko kaji sun tafi aiki!" Aka kwashe da dariya har da wasu 'yan tebur. A cikin wannan ruɗani wani tsohon tela da ke kusa da Yaya, wanda ya ɗinka wa Injiniya kayan makarantarsa na farko, ya gyara tabarau ya miƙa wuya.

"Kai! Wannan ba Autanku ba ne?"

Abin magana na hannunta har yanzu, don haka duk ɗakin ya ji amsarta.

"Zauna, Tela. Ba shi ba ne, kama ce."

Injiniya bai san yadda taron ya ƙare ba. Ya dai san ta ƙofar baya ya fita, ya bi ta gefen banɗakin ɗalibai ya shiga mota, ya daɗe riƙe da sitiyari bai kunna ba. Ta madubi ya hango matan sun fito a jere, suna rage sauri saboda mai sanda. Ya zame a kujera har suka wuce.

A gida matarsa ta ajiye masa abincin rana, ta dawo ta tarar bai buɗe ba.

"Abban yara, an yi maka ihu ne a taron?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ya kai ƙarshe, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malama ka ce mata? Yaya?"

"Bakina ne ya suɓuce."

"Baki ba ya suɓucewa da abin da babu a ciki." Ta ga yadda ya koma, sai ta sassauta. "Matar nan ce fa ta kwana uku a tsaye a kaina da na haifi babban. Kada ka kira ta a waya, wallahi in ka kira za ta ce maka lafiya lau, kai kuma ka yarda. Tashi za ka yi ka je."

Bai je ran nan ba, bai je washegari ba. Sau biyu yana sa takalmi yana cirewa. Sai ranar Litinin da asuba ya sa wani mai tasi ya sauke shi a bakin unguwar, biyar da kwata, gari bai gama wayewa ba. Inda tashar take da, an yanke ƙarfen alamar, saura ɗan guntu a cikin siminti, an kwashe bencin. Ya wuce ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya girma a bayanta.

Ta buɗe a shirye, jaka a kafaɗa, sanda a hannu.

"A'a, wa nake gani? Yallaɓai da kansa?"

"Yaya, don Allah."

"Malama dai."

Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a ƙasa. "Ban zo da mota ba. Tare za mu tafi."

"Ka dai zo da ƙafa ko? Ita ake nema." Ta kulle ƙofa. "Mu je, ba ni da lokacin tsayuwa."

Ya miƙa hannu zai karɓi jakar, ta ɗan yi jim, sannan ta sakar masa. Suka kama hanya. Kafin su kai kwanar masaƙa lungunan sun fara amayo mutane: masu shara da rigunansu masu ƙyalli, masu gadi da za su karɓi aiki, mata masu aikin gidaje, ma'aikatan gidan burodi, wani mutum ɗauke da 'yarsa mai ƙafa a ɗaure za su bi layin ganin likita. Kowa na sauri, ba mai magana sosai. Injiniya ya fara ƙirgawa a ransa ba da niyya ba. Kafin gadar ƙafa ya wuce saba'in, sai ya daina.

"Motar ma'aikatan asibiti fa?" ya tambaya a hankali.

"Shekara uku da mutuwarta. Ciyawa ta tsiro a tayoyinta."

"Sandar nan kuma?"

"Wata uku. Gwiwar dama can tana gunaguni, gadar nan ce ta sa ta fara zagi."

Matakalar gadar talatin da shida ce hawa, talatin da shida sauka. Ya sani domin a kan kowace sai ta ɗora sanda, ta ɗora mai lafiyar, sannan ta jawo ɗayar. A tsakiya ta tsaya ta riƙe ƙarfe tana mayar da numfashi, motoci na wucewa a ƙarƙashinsu.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Yaya?"

"In ce maka me? Tun farko na san aikinka ne, 'yar maƙwabta ta nuna mini hotonka a waya ana yabonka. Na ce yaron nan ya samu an san da shi, ba ni zan zama mai kawo masa cikas ba. Matan nan ne suka matsa sai na yi magana, wai ni ce babba. Ban ɗauka za ka zo da kanka ba, na zaci manya aike suke yi." Ta gyara riƙon sandar. "Da na san kana wurin, da ciwon kai zan ƙirƙira in zauna a gida."

"Abin da na ce miki fa…"

"Na ji shi. Kunnena ƙalau yake, gwiwa ce ta lalace. Mu je."

Tsallaka babban titi ya ci musu minti biyar, domin danjar masu ƙafa ba ta jiran mai sanda. Bas ta farko ta zo a cike ta wuce. Ta biyu suka samu suka kutsa. Wata budurwa ta tashi ta ba Yaya kujera a bayan direba, Injiniya ya tsaya a kanta riƙe da ƙarfe, jakarta a rataye a wuyansa, gwiwar hannun wani a haƙarƙarinsa.

Direban dattijo ne mai furfura, da alama duk ya san su. Wata mata ta leƙo ta ce, "Baba direba, yaushe za ka koma tsaya mana a bayan masaƙa? Ko sau ɗaya a sati ne."

"Ni? Rufa mini asiri, 'yata. Sau biyu na tsaya wa tsofaffi a wurin, na'urar da suka maƙala mana ta kai ƙarata. Kwana biyar aka dakatar da ni. Wani can a sama ya sa hannu, wanda na rantse ko ƙofar bas bai san ta wane gefe take ba."

Injiniya ya tuna takardar. Tana cikin wasu guda ashirin da ya sa wa hannu wata Laraba kafin ya fita cin abinci. Zai iya yin shiru, ba wanda ya san shi, Yaya kuma ta juya fuska tana kallon taga, alamar ta sake ba shi hanyar tsira. Wannan karon abin ya ƙi haɗiyuwa.

"Ni ne," ya ce.

Ƙarar inji ta danne shi. Ya sake ɗaga murya.

"Baba, ni ne na sa hannun. Ni na soke tashar, kuma ban zo na duba ba. Wannan da ke zaune yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta raine ni."

Maganar ta bi layi daga gaban bas har baya, ana tambayar me ya ce, ana maimaitawa. Direba ya dube shi ta madubi ya daɗe.

"To," ya ce. "Riƙe ƙarfen nan da kyau, akwai rami a gaba. Shi ma ba ya cikin taswirarku."

Wasu suka yi dariya, amma matar da ta yi tambaya ba ta yi ba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Yayarka? Kuma ba ka ji kunya ba?"

"Na ji."

"Bai isa ba."

"Ku bar shi ya isa ofis da ransa," in ji Yaya, ba ta juyo ba. "A can yake da amfani."

A ƙofar asibiti ta karɓi jakarta, shida ta wuce da minti goma sha biyu. Ya ce zai shiga ya yi wa shugabarta bayani. Ta ce kada ya soma, wanda ya yi ranar Asabar ya wadatar.

Ƙarfe tara yana gaban Darakta, rigarsa a yamutse. Ya zayyana abin da ya gani. Darakta ya jingina da kujera yana juya biro.

"Injiniya, rahoton nan ya riga ya je sama, an yaba. Kamfanin ƙidaya ne ya yi kuskure, sai mu rubuta musu, a hankali a gyara. Ina ruwanka da ɗora wa kanka?"

"Yallaɓai, mu muka ba su lokacin. Yana cikin takardar kwangila, da sa hannuna. Na ɗauki lokacin aikin ofis ne, ban yi tunanin akwai masu fita kafin mu tashi daga barci ba."

"Ka san abin da zai biyo baya in ka rubuta haka?"

"Na sani."

Ya rubuta, shafi biyu, ya haɗa da buƙatar a janye takardar direban. Sati biyu yana fita da asuba da yamma yana ƙirga tashoshin nan tara da kansa, da littafi a hannu, masu shaguna na kallonsa kamar sabon mahaukaci. Shida daga ciki da gaske ba kowa. Uku kuwa cike suke kafin bakwai da bayan biyar. Ƙarin girman da aka yi masa alkawari ya bi ruwa, aka cire hotonsa daga allo aka maƙala jadawalin hutu a wurin. A matakala abokan aiki na gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar mai zaman makoki.

Takarda kuma ba ta sauri. Daga wannan tebur zuwa wancan, kwamiti ya zauna, kwamiti ya ɗage, sai da aka yi wata biyar kafin a kafa sabon ƙarfe a bayan masaƙa da sauran biyun. Kafin nan gwiwar Yaya ta gama. Likita ya ce tsayuwar guga ta ƙare mata, ta ajiye aiki saura shekara biyu lokacinta ya cika. Ko sau ɗaya ba ta hau bas a sabuwar tashar zuwa aiki ba. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba, likitan ma ya ce ciwon ya daɗe yana tafe. Injiniya ya ji su duka, bai samu sauƙi ba.

Yanzu duk ranar Talata shi yake kai ta asibiti a gasa mata gwiwa kafin ya wuce ofis. Wata safiya suna fitowa daga lungu ta hango mata uku abokan aikinta na da suna tsaye, bas ta cika ta bar su.

"Auta, tsaya."

"Yaya, za ki makara wurin likita."

"Likita zai jira. Su ne ba a jira."

Ya tsaya. Matan suka cusa kansu a baya da jakunkunansu da laimominsu, motar ta ɗan zauna. Tun kafin ya ɗaga suka ɓarke da labari: babban injin wanki ya sake lalacewa, sabuwar shugaba ba ta san zanen gadon yara da na manya ba, wance ta aurar da 'yarta ba ta gayyaci kowa ba. Yaya ta juya gaba ɗaya tana fuskantarsu, tana dariya har da tafa hannu, irin dariyar da ya manta tana da ita. Ba wadda ta kula shi har suka kusa shataletale, sannan ɗaya ta taɓa bayan kujerarsa.

"Direba, a hankali mana, ƙwai muka ɗauko."

"To, Hajiya," ya ce, ya rage gudu.